Babban Inji a Ƙaramar Mota: Nazari a kan Motocin Lodi na Ƙasar Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin kudancin Jihar Katsina da kaka, ba ya bukatar a kwatanta masa motar da wannan lacca za ta yi magana a kanta. Ƙaramar mota ce ƙirar Volkswagen Golf, mai ƙofa a baya wadda ake ɗagawa sama. Galibi za a ga an ɗaure wannan ƙofa da igiya saboda buhuna sun hana ta rufuwa, gindin motar ya kusa shafar ƙasa, hancinta ya ɗaga, ga fasinja biyu a kujerar gaba ban da direba, ga huɗu a baya. Irin wannan mota ce ke haɗa garuruwan manoma, kamar Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, da manyan kasuwannin hatsi na Bakori da Funtua da Dandume da Malumfashi. Ita ke kai masara kasuwa, ita ke komowa da taki, ita ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama.

Waɗanda suka ƙera ta a Jamus sun yi ta ne domin magidanci da iyalinsa da akwatin tafiyarsu. A nan kuwa aikin jaki take yi. Saboda haka injinta kan gaji da wuri, kuma ran da ya buga, shawarar da mai mota ya fi samu a gareji ita ce a ɗora mata wanda ya fi shi girma. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana abin da ke faruwa a jikin mota sa'ad da aka bi wannan shawara. Za a ga cewa direban da ya nemi babban inji yana da hujja mai ƙarfi, amma inji gaɓa ɗaya ce tak a cikin gaɓoɓin da aka auna su tare, kuma gaɓoɓin da akan manta da su wajen wannan sauyi su ne waɗanda rayukan fasinja suka rataya a kansu.

Yadda Golf ta gaji Peugeot

A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a wannan shekara kuma aka buɗe ta Volkswagen a Legas. Zamanin kuɗin man fetur ne, ga kuma ƙarin albashin Udoji, ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin muƙami yana iya karɓar lamuni ya fito da sabuwar mota fil. A daidai wannan lokaci aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, sauran biyun su ne na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma buɗe ƙananan hanyoyi zuwa ƙauyuka. Ƙasar da a da aka san ta da auduga da dawa ta koma rumbun masara, masara kuwa kaya ce mai nauyi wadda sai da mota take isa kasuwa. Motar da ta yi wannan aiki a wancan zamani ita ce a-kori-kurar Peugeot, 404 da 504, wadda tun asali domin kaya aka ƙera ta: inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, ga sifirin mai falle-falle a ƙarƙashin kaya.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi. Sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu su shigo ta kudu, wasu su zagayo ta Jamhuriyar Nijar su biyo ta Maraɗi. Daga nan aka sami sunan 'yar Kwatano. A cikin waɗannan motoci Golf ta yi fice a tashoshin mota, da farko ƙira ta biyu wadda ta fito a 1983, daga baya ƙira ta uku wadda ta fito a 1991, musamman mai dogon baya wadda ta biyo a 1993. Dalilin farin jininta a fili yake: ba ta da tsada, ba ta shan mai da yawa, kayan gyaranta sun wadata a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta. A watan Janairu na 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, abin da ya ƙara wa tsohuwar mota daraja a hannun mai ita. Ya kamata kuma a tuna cewa an daina ƙera Golf ta uku tun kafin shekarar 2000. Watau auta a cikinsu ta haura shekara 25. Gangar jiki tana nan, inji ne ke mutuwa a sake wani, wani lokaci har sau uku ko huɗu a rayuwar mota guda.

Abin da ake nufi da babban inji

Injin fetur na irin waɗannan motoci yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a 1876. A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Girman inji shi ne jimillar filin da fistin-fistin ke sharewa a hawa ɗaya, kuma da lita ake auna shi. Injin da ake kira 1.8 yana da silinda huɗu, kowacce ta ɗan kasa rabin lita. Gwargwadon yawan iskar da inji ya zuƙa, gwargwadon man da zai iya ƙonawa, gwargwadon kuma ƙarfin da zai bayar.

Golf ta uku ta fito da injuna iri-iri a cikin gangar jiki guda. Akwai mai lita 1.4 da ƙarfin doki 60, da mai 1.6 da ƙarfin doki 75, da mai 1.8 wanda wani ke ba da 75 wani 90, da mai 2.0 da ƙarfin doki 115, har zuwa mai silinda shida da ake kira VR6, mai lita 2.8 da ƙarfin doki 174. Kowane inji yana da haruffan shaida da aka buga a jikin ƙarfensa. Abin dariya, haruffan ɗaya daga cikin injunan 1.6 su ne ABU, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

A nan akwai bambanci guda wanda ya kamata ɗalibi ya riƙe. Inji yana da ƙarfin murɗawa, yana kuma da ƙarfin gudu. Manomin Tsiga ya fi kowa sanin wannan bambanci, domin ya san sa ya san doki. Doki ya fi sa sauri nesa ba kusa ba, amma ba mai ɗaura masa garma a ƙasa mai laka. Abin da direban lodi yake nema a wurin babban inji shi ne halin sa: ya taka totur kaɗan mota ta ɗaga da buhu takwas ba tare da ta ci kuloci ba, ta hau tudu a giya ta uku maimakon ta biyu. Sai dai ba a sayar da halin sa shi kaɗai. Duk injin da aka ƙara wa girma, da halin doki yake zuwa, kuma nan ne matsalar take farawa.

Hujjar direba

Kafin a zargi direba, ya kamata a ba shi gaskiyarsa. Ƙarfin dokin da aka rubuta wa inji an auna shi ne yana sabo, a iska mai sanyi, a daidai tsayin teku. Funtua tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 700, kuma injin da ba shi da na'urar cusa iska yakan yi asarar wajen kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau, saboda iska tana ƙara sirancewa. Ke nan tun kafin a ɗora buhu ɗaya, kimanin kashi 7 cikin ɗari ya tafi. Zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙara sirantar da iskar. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ringi ya ci, matsi ya ragu. Injin da takarda ta ce doki 75 ne, a hanyar ƙauye da damina, ƙila abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba.

Bugu da ƙari, ba kullum ne babban inji ya fi ƙarami shan mai ba, kamar yadda jama'a suka ɗauka. Ƙaramin injin da aka danne wa totur har ƙasa yana kururuwa a ƙaramar giya yana iya shan abin da babba zai sha yana tafiya a natse a babbar giya, ko ma ya fi, kuma ya fi saurin tsufa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Direban da ke biyan balas ga mai mota, ya biya kuɗin tasha, ya sayi mai da tsada, ba zai fita ba sai ya cika mota ta batse, sa'an nan ya yi sawu biyu a ranar kasuwa maimakon ɗaya. Ta fuskar lissafin aljihu, babban inji dabara ce mai ma'ana. Wanda duk ya ce jahilci ne kawai ke sa direba yin haka, bai taɓa zama ya yi lissafin kuɗin da ke shiga da wanda ke fita a motar haya ba.

Darasi daga masu ƙirar kansu

Ɗora babban inji a ƙaramar mota ba baƙon abu ba ne a duniya, kamfanonin da kansu sun yi. A Ingila, a 1961, John Cooper ya ɗauki ƙaramar motar nan Mini mai ƙarfin doki 34 ya mai da ita mai 55, amma a tare da haka ya sa mata birki mai faifai a gaba. Misalin da ya fi kusa shi ne na Golf ɗin kanta. Ta fito a 1974, ƙaramin injinta doki 50 ne. A 1976 injiniyoyin kamfanin suka fito da wadda suka kira GTI, mai injin lita 1.6 da doki 110, tana gudun fiye da kilomita 180 a sa'a. An yi niyyar ƙera 5,000 ne kawai, aka ƙare da sayar da fiye da 450,000.

Abin lura shi ne yawan abubuwan da suka sauya ban da inji. Sun sa faifan birki mai ramukan iska a tsakiya domin ya riƙa hucewa, sun rage tsayin motar daga ƙasa, sun ƙarfafa sifirin da shokazoba, sun ƙara sandunan da ke hana ta kishingiɗa a kwana, sun faɗaɗa taya, sun ƙara na'urar sanyaya baƙin mai. Haka kuma a ƙira ta uku. Mai ƙaramin inji tana da ƙaramin faifai a gaba da birki mai ganga a baya, tayarta da noti huɗu ake ɗaure ta. GTI da VR6 kuwa suna da babban faifai a gaba, da faifai a baya, da noti biyar. Mutanen da suka fi kowa sanin motar, kuma suka fi kowa son rage kuɗin ƙira, ba su yarda su ƙara inji su bar sauran yadda suke ba. A garejin gefen hanya kuwa, sau da yawa injin kaɗai ake biya wa kuɗi, domin shi ne ake jin amfaninsa nan take.

Aikin gareji

Ba kowane sauyi ne mai wuya ba. Injunan fetur masu silinda huɗu na Golf ta uku gida biyu ne. Mai 1.4 da ƙaramin 1.6 'yan gida ɗaya ne, mai 1.8 da mai 2.0 kuma 'yan wani gida. A cikin gida guda, alal misali daga 1.8 zuwa 2.0, mazaunin inji ɗaya ne, bakin akwatin giya ya dace, aikin bai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba ga wanda ya iya. Amma tsallakawa daga ƙaramin gida zuwa babba sai an sauya akwatin giya da kuloci, a duba sandunan da ke kai juyi ga tayoyin gaba, a sake bututun hayaƙi da wayoyi. A nan ne akan ga an kira mai walda ya yanka ya ɗinka, an ƙera mazaunin inji da ƙarfen da aka tsinta. Kanikawan ƙasar nan suna da basira ta ban mamaki a wannan fanni, kuma mafi yawansu a gaban ubangida suka koya, ba su taɓa riƙe littafin kamfani ba. Sai dai idan inji ya zauna a karkace ko da da faɗin yatsa ne, sandunan nan za su riƙa aiki a gicciye, su ci kawunansu cikin 'yan watanni, mai mota yana ta sayen sababbi bai san mafarin ciwon ba.

Sa'an nan ga maganar ƙwaƙwalwa. Injunan fetur na wannan ƙira ba kafireto suke amfani da shi ba, injekta ce ke fesa musu mai bisa umurnin wata 'yar na'ura mai auna iska da zafi da juyin inji. Kowane inji da ƙwaƙwalwarsa. Idan aka sayo inji ba a haɗo da tasa da wayoyinta ba, sai mota ta riƙa shaƙewa ko ta yi ta zubar da baƙin hayaƙi. Hanyar da aka saba bi wajen kauce wa wannan ita ce a cire injekta gaba ɗaya a ɗora kafireton tsohuwar ƙira, domin shi kowa ya iya kwance shi a bakin hanya. Mota za ta tashi, ba shakka. Amma ƙarfin da aka sayi babban inji dominsa ya ragu, shan mai ya ƙaru. An sayar da kare ke nan an sayi biri.

Shi kansa injin da ake sayowa, tsoho ne da aka ciro daga motar da ta gama yayinta a Turai, aka zubo shi a kwantena zuwa Legas. Wanke shi da fetur har ya yi ƙyalli ba ya gaya wa mai saye komai. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne awon matsin kowace silinda, da launin hayaƙi bayan ya yi zafi: shuɗi alamar yana cin baƙin mai, baƙi alamar fetur ya yi yawa, fari mai ɗorewa alamar ruwa na shiga silinda. Kuma wajibi ne a sa sabon bel na taimin kafin a ɗora shi, tun da ba wanda ya san shekarun na jikinsa.

Zafi

Daga cikin ƙarfin da ke cikin litar fetur, abin da ke isa ga taya bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran zafi ne, wajen rabinsa ya bi hayaƙi, rabi ya bi ruwan lagireto. Injin da ya fi ƙona mai ya fi haifar da zafi, don haka lagireton da aka auna wa doki 60 ba zai ishi doki 115 ba, balle a ce ya shekara 25 yana shan ruwan rijiya mai barin ƙanzo a cikin bututunsa. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a cire tamostat, watau 'yar ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai ai Nijeriya ƙasar zafi ce. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Da sanyin asubar hunturu injin ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu bai farka ba ta yi ta ƙara masa mai, man ya wanke baƙin mai daga bangon silinda. Da rana tsaka kuma a kan tudu, rashin tamostat ba zai ƙara wa ƙaramin lagireto girma ba. Maganin shi ne lagireton da ya dace da sabon injin, kuma kuɗinsa bai kai na gasket ɗin da zai ƙone da kan injin da zai lanƙwashe ba.

Tsayawa

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu asarar dukiya ce. Wanda ya shafi rai shi ne birki, kuma a nan sai an ɗan yi lissafi, wanda bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Mota mai tafiya tana ɗauke da ƙarfin motsi, aikin birki kuwa shi ne ya mai da wannan ƙarfi zafi ta hanyar goga takalmi a jikin faifai ko ganga. Ƙarfin motsi yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma game da gudu ninkin-ba-ninki yake yi: idan gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Golf ta uku ba kowa a ciki ta ɗan haura tan ɗaya, abin da aka yarje mata ɗauka kuma kimanin rabin tan ne, har da direba. A ɗauka tana da nauyin kilo 1,600 tana gudun kilomita 80 a sa'a. Wannan aiki ne da birkinta zai yi ba wahala. To, a ɗora mata buhunan masara masu kilo 100 da fasinjoji har ta kai kilo 2,200. Da tsohon injinta, nauyin da kansa zai hana ta gudu, ko direba ya so ko bai so ba. Da sabon inji kuwa tana iya kai kilomita 110 a miƙaƙƙiyar kwalta. Nauyi ya ƙaru da kashi 37 cikin ɗari, gudu ma haka, amma zafin da birki zai haɗiye kafin ta tsaya ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Faifan kuwa shi ne dai na jiya.

Ma'anar wannan ita ce, raunin ƙaramin inji wani irin linzami ne da ba a lura da shi ba sai ran da aka cire shi. Birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa. Man birki kuma yana tsotsar laima daga iska: sabon mai na ma'aunin DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha laima kuwa yana iya tafasa a wajen 155. Idan ya tafasa ya zama tururi, direba zai taka ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Direbobi kan ce birki ya tsinke, alhali ba abin da ya tsinke, dafuwa ya yi. A gudun kilomita 110, mota tana cin mita 30 a daƙiƙa guda, watau kafin ƙafa ta tashi daga totur ta isa birki. A hanyoyin da ke ratsa tsakiyar garuruwa, inda ake baza hatsi a gefen kwalta, ga 'yan acaɓa ga amalanken shanu ga yara masu talla, mita 30 ba ƙaramar tazara ba ce.

Akwai kuma yadda nauyin yake zama. Golf da tayoyin gaba take ja, da su take juyawa, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Kayan da aka jibga a baya, har wasu suka zarce bayan tayar baya suna lilo a waje, suna ɗaga gaba kamar yadda mai nauyi ke ɗaga marar nauyi a kan sikeli. Tayoyin da ake bukatar su riƙe ƙasa su ne suka yi sakayau, kuma a kansu ne aka ƙara ƙarfin inji. Shi ya sa sitiyari kan yi sako-sako a hannu idan mota ta ɗauki gudu. Ƙara sifirin mai tauri a baya, wanda direbobi da yawa ke yi, yana hana gindi dukan ƙasa, amma ba ya komar da nauyin gaba.

Taya ma tana da iyakarta, a rubuce a gefenta. A kan tayar da aka saba gani a waɗannan motoci akan ga 175/70 R13 82T. Lambar nan 82 tana nufin kilo 475 ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka. Tayoyin baya biyu ke nan kilo 950, kuma a motar da ta kai kilo 2,200 da kaya a baya, an wuce wannan iyaka. Akwai wasu lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi tayar: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Tsohuwar taya 'yar gwanjo, da nauyin da ya fi ƙarfinta, da kwaltar bazara, da gudun da sabon inji ya ba da dama, idan suka haɗu, ba sai an nemi bakin maye ba.

Takarda da hukuma

A Jamus, inda motar ta fito, wanda ya sauya wa motarsa inji da wani iri dabam sai ya kai ta wurin masu binciken lafiyar motoci sun duba birki da taya da sauran gaɓoɓi, an shigar da sauyin a takardunta, in ba haka ba izinin hawanta titi ya faɗi. A Nijeriya ma lambar inji tana cikin abin da ake rubutawa a takardun mota tare da lambar gangar jiki. Idan aka sauya inji ba a je ofishin lasisi an gyara ba, takardar ta koma tana bayanin wata mota dabam. Mai ita zai gane haka ran da 'yan sanda ke neman injin sata, ko ran da aka yi haɗari kamfanin inshora ya tarar da abin da ke ƙarƙashin bonet ba shi ne aka yi yarjejeniya a kansa ba. Rasiɗin sayen inji, mai ɗauke da lambarsa da sunan shagon, ya cancanci a adana shi tare da takardun kwastan.

Ga ma'aikatan da wannan ya shafa, watau jami'an duba motoci na jiha da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988, hana sauya inji ba abu ne mai yiwuwa ba, kuma ba alheri ba ne ga manomin da ba shi da wata hanyar kai amfaninsa kasuwa. Abin da ke yiwuwa shi ne a sauya tambayar da ake yi a shingen hanya da lokacin sabunta takarda. Binciken bai fi na minti biyar ba ga wanda aka koya wa: a karanta haruffan da ke jikin inji a gwada da takarda, a leƙa ta ramin wili a ga girman faifai da kaurin takalmin birki, a karanta lambar nauyi da shekarar taya, a duba launin man birki. Ƙungiyar direbobi, wadda ke da wakili a kowace tasha kuma ta san kowace mota da mai ita, ta fi kowa damar yin wannan kafin a yi lodi. Kwalejojin fasaha da sassan injiniya na jami'o'i kuma suna iya fassara wa kanikawa jadawalin kamfani da Hausa, a nuna wane inji ke tafiya da wane akwatin giya, wane lagireto, wane faifai. Kayan birkin manyan Golf suna nan a kasuwannin da ake sayo injin, sau da yawa a shago ɗaya, daga mota ɗaya aka kwance su, kuma kuɗinsu bai kai na injin ba. Lokacin da ya fi dacewa a ɗaura su shi ne ranar da motar take kan jak, kafin a sauke ta a kai ta layin lodi.